Yadda ake sauya wani yanki na rubutu ta ƙidayar bayit a Excel, Google Sheets da LibreOffice

Ranar da na fara sanin cewa harafi ɗaya yana iya cin gurbin biyu, ina zaune ne a bayan shagon maigidana a Kantin Kwari, kwantena na kan hanya, ga jerin kaya sama da layi ɗari huɗu da kamfanin da muke saye a wurinsa a Guangzhou ya turo. Kowane layi sunan yadi ne da Sinanci, sai lambar kaya a gabansa. Aka ce in sauya shekarar da ke cikin lambar, in mayar musu da fayil ɗin a yadda na'urarsu za ta karɓa. Na ƙirga haruffan layin farko, na rubuta fomula, na ja ta har ƙasa. Layin farko ya fito tsaf. Na biyu ya lalace. Na uku ma ya lalace, amma ta wata fuskar daban. Har aka kira la'asar ina kallon allon kwamfuta, ban gane inda gizo yake saƙar ba.

Abin da ya faru shi ne na'urarsu ba haruffa take ƙirgawa ba, bayit take ƙirgawa. Akwai umarnin da aka yi domin wannan aiki, sunansa REPLACEB. Yana da sauƙin rubutawa, amma yana da wani hali da ya kamata ka sani tun kafin ka ɗora masa hannu: ba a kowace kwamfuta yake ƙirga iri ɗaya ba.

Wane bayit ake nufi

Bayit shi ne ma'aunin wurin da kwamfuta take ajiye rubutu. Haruffan boko na yau da kullum, lambobi, da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kowanne bayit ɗaya ne. Bayit ɗaya ba ya iya bambance fiye da alamomi 256, Sinanci kuwa haruffansa dubbai ne. Shi ya sa a Sin, Japan, Koriya da Taiwan aka ƙirƙiro tsare-tsaren da ke ba kowane harafinsu bayit biyu: GB2312 na Sin a 1980 da magajinsa GBK, Shift JIS na Japan, Big5 na Taiwan. Tsofaffin manhajojin ma'ajiyar kaya da na lissafin kuɗi a can an gina su a kan wannan ƙidaya, wasu kuma har yau da ita suke aiki. Idan an ce gurbin suna bayit 10 ne, to harafin boko goma ke shiga, ko na Sinanci biyar, ko a gauraya su, abin da ya rage a cike shi da tazara.

REPLACEB da 'yan uwansa masu B a ƙarshe, wato LENB, LEFTB, RIGHTB, MIDB, FINDB da SEARCHB, duk da wannan ƙidayar suke aiki: harafin Sinanci biyu, harafin boko ɗaya. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo kan haruffanmu masu ƙugiya.

Mataki na farko: gwada manhajarka

Kada ka tsallake wannan, ko da sauri kake yi. Kwafo harafin Sinanci ɗaya daga fayil ɗinka, ka sa shi a wani akwati da babu komai, a ce D1. A akwatin da ke gefensa rubuta:

=LENB(D1)

Idan ya ba ka 2, manhajar tana ƙirga bayit, ka ci gaba. Idan ya ba ka 1, REPLACEB a wannan kwamfutar ba shi da bambanci da REPLACE, ɗan'uwansa mai ƙirga haruffa, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba. Zai yanke rubutun inda bai kamata ba, ya miƙo maka shi kamar komai lafiya.

A Excel, Microsoft ta bayyana cewa umarnin yana ƙirga biyu ne kawai idan harshen da aka zaɓa a matsayin na farko yana cikin Japananci, Sinanci iri biyu, ko Koriyanci. Galibin kwamfutocinmu na Najeriya a Turanci suke, na Nijar a Faransanci, don haka 1 za ka gani. Ana iya sauya harshen ta File, sai Options, sai Language, amma ban ba da shawarar haka a kwamfutar shago ko ofis da mutane da yawa suke taɓawa ba. Fayil ɗin da ya yi daidai a wurinka zai ba da wata amsa dabam idan abokin aikinka ya buɗe shi a tasa. Google Sheets da LibreOffice Calc suna ƙirga harafin Sinanci biyu ba tare da an sauya komai ba. Ni LibreOffice nake buɗewa duk lokacin da irin wannan aikin ya taso, don kyauta ne, kuma ba ya neman intanet. REPLACEB yana cikinsa tun fitowa ta 6.0 a 2018.

Masu Excel na Faransanci, sunan umarnin a wurinku REMPLACERB ne, kuma waƙafi mai ruwa za ku sa duk inda na sa waƙafi a fomula. LibreOffice ma a wasu kwamfutocin haka yake so.

Mataki na biyu: shigo da fayil ɗin da kyau, ka ga tazarar da idonka

Idan fayil ɗin na rubutu zalla ne, kada ka danna shi sau biyu ka bar manhaja ta yi yadda ta ga dama. A Excel ka bi ta Data, sai From Text/CSV, a File Origin ka zaɓi 936 idan tsarin GBK ne, ko 65001 idan UTF-8 ne, tsarin intanet da sababbin manhajoji. LibreOffice da kansa yake tambayarka tsarin haruffa idan ka buɗe. Idan ka ga alamomi barkatai a maimakon Sinanci, tsarin ne ka zaɓa ba daidai ba. Rufe kada ka ajiye, ka sake buɗewa da ɗayan. Ka tabbata kuma kowane layi ya zauna a akwati guda, bai rarrabu ba.

Daga nan kwafe layin tsaye na A gaba ɗaya zuwa wani shafi, ka bar shi a matsayin asali. Kada kuma ka yi wa rubutun TRIM. Mun saba share tazarar da ta yi yawa, amma a nan tazarar ce take riƙe da tsarin. Don ka gan ta, rubuta wannan a B2:

=SUBSTITUTE(A2," ","·")

Ga irin layukan da na yi fama da su, ɗigo yana nuna tazara:

棉布······TX2023
涤纶花布··TX2023
LACE······TX2023

Na farko yadin auduga ne, na biyu yadin roba mai zane, na uku leshi ne da suka rubuta da boko. A ido ba su yi tsawo ɗaya ba. LEN, mai ƙirga haruffa, zai ba ka 14, 12 da 16. LENB kuwa 16 zai ba ka a duka ukun. Idan ka ga haka, LEN yana hawa yana sauka amma LENB ya tsaya wuri ɗaya, ka tabbata fayil ɗin da bayit aka auna shi.

Mataki na uku: nemo wurin yanka

Ɗauki takarda da biro, layi ɗaya kawai za ka ƙirga. A layin farko, 棉 ya ci bayit na 1 da na 2, 布 ya ci na 3 da na 4. Tazara shida sun kai mu na 10. T na 11, X na 12, shekara ta fara daga na 13 ta ƙare a na 16. Duba na biyu: harafi huɗu bayit takwas, tazara biyu, goma ke nan, T na 11. Haka na ukun. Gurbin suna bayit 10 ne, kuma shekara kullum a na 13 take farawa, ko wane suna aka sa.

Ka tuna ƙidaya daga 1 take farawa. Wanda ya saba da rubuta manhaja yakan fara daga 0, a nan kuwa 0 kuskure ne, #VALUE! za ka gani.

Don tabbatarwa, kafin ka sauya komai ka leƙa abin da za ka yanke:

=MIDB(A2,13,4)

Ja shi har ƙasa. Idan kowane layi ya nuna 2023, wuƙarka tana kan gaɓa. Wanda ya nuna wani abu daban, ka ware shi ka duba shi da hannu.

Mataki na huɗu: sauyawar kanta

Umarnin abu huɗu yake karɓa, a jere: rubutun asali, bayit ɗin da za a fara, bayit nawa za a cire, da sabon rubutun da za a sa.

=REPLACEB(A2,13,4,"2025")

Wato a A2, daga bayit na 13, cire huɗu, sa 2025. Duka layukan uku za su fito da TX2025 a ƙarshe, sunan da tazararsa ba a taɓa su ba.

Bari in nuna maka ɓarnar da na yi ranar, don ka gane ta idan ka gan ta. Ni REPLACE na sa, da 11 a matsayin wurin farawa, don a layin farko shekarar harafi na 11 ce. Layi na biyu sai ya zama TX202025, na leshi kuma TX ɗin ma ya tafi, ya zama 202523. Wanda kuma ya sa REPLACEB da 13 a Excel na Turanci zai ga akasin haka: na leshi ne kaɗai zai yi daidai, na farko ya zama TX202025, na biyu TX20232025, domin wurin farawar ya wuce ƙarshen rubutun sai kawai aka liƙa sabon a wutsiya. Babu wanda zai fito da jan rubutu ko alamar kuskure. Lambar kaya ce kawai ta zama wata, kuma a harkar dila da bandir lamba ɗaya da ta kauce tana iya sa a loda maka kayan da ba ka saya ba.

Da wannan umarnin ake yin ƙari da ragi ma. Idan ka sa 0 a adadin da za a cire, ba a cire komai ba, sabon rubutun ya kutsa ciki: =REPLACEB(A2,13,0,"-") zai ba ka TX-2023. Idan ka bar sabon rubutun fanko, wato alamar zance biyu babu komai a tsakani, yankin ya tafi ke nan. Sai dai duka biyun suna sauya tsawon layi, don haka kada ka yi su a fayil ɗin da zai koma na'urar da ke jiran bayit 16.

Idan wurin ba tsayayye ba ne

Wasu jerin ba su da tazara, an haɗe komai: 棉布TX2023红色, wato yadin auduga ja. A nan wurin shekara yana bin tsawon suna. Bar FINDB ya nemo maka:

=REPLACEB(A2,FINDB("TX",A2)+2,4,"2025")

FINDB ya sami TX a bayit na 5, an ƙara 2, an fara yanka daga na 7. Wannan fomular tana da wani alheri: ko a Excel na Turanci tana yin daidai, saboda mai nema da mai yanka ma'auni ɗaya suke amfani da shi, ko duka su ƙirga bayit ko duka su ƙirga haruffa. Abin da ke kawo matsala shi ne haɗa FIND da REPLACEB, ko FINDB da REPLACE. Ɗaya ya auna da yadi, ɗaya ya yanka da mita.

FINDB yana bambance babban baƙi da ƙarami, tx ba TX ba ne a wurinsa. SEARCHB bai damu da wannan ba. Layin da babu TX a cikinsa zai ba da #VALUE!, kuma gara ka bar shi ya nuna. Mutane suna son lulluɓe shi da IFERROR ya dawo da rubutun asali, sai layin ya ɓace a cikin ɗaruruwa ba a gyara shi ba. Idan za ka sa IFERROR, sa shi ya rubuta "DUBA" don ka tace su daga baya.

Sauya suna ba tare da ɓata faɗin gurbi ba

Wannan ne wurin da REPLACEB ya fi amfani. A ce sabon sunan yana C2, kana so ya shiga gurbin bayit 10, ko gajere ne ko dogo:

=REPLACEB(A2,1,10,LEFTB(C2&REPT(" ",10),10))

Daga ciki ake karanta ta. An liƙa wa sunan tazara goma a baya, LEFTB ya ɗebi bayit goma na farko, REPLACEB ya zuba su a gurbin. Gajeren suna ya sami ciko, dogo an datse shi.

Datsewar tana iya faɗawa tsakiyar harafi. Sunan da ya fara da harafin boko ɗaya sannan na Sinanci biyar bayit 11 ne, bayit na 10 rabin harafin ƙarshe ne. Rabin harafi ba ya rubutuwa, don haka LibreOffice da Excel sukan sa tazara a madadinsa. Faɗin bai ɓaci ba, amma harafi guda ya tafi, kuma a Sinanci harafi ɗaya yana iya zama shi ne launin kayan. Sa =LENB(C2)>10 a gefe, duk wanda ya ce TRUE ka tambayi masu kayan yadda suke taƙaita sunan.

Akwai kuma wani tarko da ido ba ya gani. Allon rubutun Sinanci yana iya fitar da haruffan boko da lambobi masu faɗi, irin ＴＸ, kowanne bayit biyu, har da tazara mai faɗi. Idan layi ya yi kama da sauran amma LENB ɗinsa ya fi, ko FINDB ya ce bai ga TX ba alhali kana kallonsa, ciro harafin da MID ka sa masa UNICODE. T na yau da kullum 84 ne, mai faɗin 65332. Tazara 32 ce, mai faɗin 12288. Umarnin ASC aikinsa mayar da masu faɗi sirara, tazarar kuma ana sauya ta da =SUBSTITUTE(A2,UNICHAR(12288),"  "), tazara biyu a madadin ɗaya don ƙidayar ta tsaya.

Haruffanmu masu ƙugiya

Yawancin waɗanda suka tambaye ni REPLACEB ba Sinanci ne ya kawo su ba. Wani shafin rajista ne ko ma'ajiyar bayanai ta ƙi karɓar suna, ta ce ya wuce bayit kaza, alhali sun ƙirga haruffan bai kai ba. Sai su ɗauka LENB zai warware. Ba zai warware ba, domin wannan wani bayit ne daban.

Intanet da sababbin manhajoji da UTF-8 suke aiki, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992. A cikinsa harafin boko bayit ɗaya ne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, kowanne biyu ne. Haruffan Larabci da muke ajami da su biyu ne, kowane wasali ma da nasa biyun. Alamar ₦ uku ce. Harafin Sinanci, da REPLACEB yake ƙirgawa biyu, a nan uku ne. Ƙanƙara haruffa 7 ne amma bayit 9, Excel na Turanci kuwa 7 zai ce maka ko da LENB ka tambaye shi.

Hanyar da na fi yarda da ita ta ENCODEURL ce, wanda ke mayar da duk bayit ɗin da ba na boko zalla ba ya zama alamar % da haruffa biyu. Sa =ENCODEURL(A2) a B2. Ƙanƙara zai zama %C6%98an%C6%99ara. Sannan a C2:

=LEN(B2)-2*(LEN(B2)-LEN(SUBSTITUTE(B2,"%","")))

Tsawon 17 ne, alamar % huɗu, 17 a cire 8 saura 9. Yana aiki a Google Sheets, LibreOffice, da Excel na Windows daga 2013. Idan ka san bayit ɗin da suka yi yawa, sai ka rage da LEFT ko REPLACE na yau da kullum, harafi-harafi, kana kallon C2 yana sauka. Roƙona a nan shi ne kada ka mayar da ƙ ta zama k don suna ya shiga gurbi. Ɓari ba bari ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. A taƙaita wani wurin, a bar wa mutum ƙugiyar sunansa.

Idan Excel na Turanci kaɗai gare ka

Ba dole sai da REPLACEB ba. Microsoft ma yanzu ta sa shi cikin tsofaffin umarnin da ba ta ƙarfafa amfani da su. Idan abin da za ka sauya a ƙarshen layi yake, kuma boko ne zalla, ƙirga daga baya:

=REPLACE(A2,LEN(A2)-3,4,"2025")

Wannan ya gyara layukan nan uku a kowace kwamfuta. Idan a tsakiya yake, kuma duk haruffan Sinancin suna gabansa, ƙirga su ka cire adadinsu daga lambar bayit. A Excel 2021 ko Microsoft 365:

=LET(u,UNICODE(MID(A2,SEQUENCE(LEN(A2)),1)),REPLACE(A2,13-SUM(--(u>=11904)),4,"2025"))

11904 shi ne inda yankin haruffan Sinanci da makamantansu ya fara a Unicode. A layin farko harafi biyu ne, 13 ya koma 11. A na biyu huɗu ne, ya koma 9.

Kafin ka mayar da fayil

Duk abin da REPLACEB ya fitar rubutu ne, ko da lambobi ne zalla. Idan za ka yi lissafi da shi, sa masa VALUE. Kwanan wata kuma a cikin manhaja lamba ce, 1 ga Janairu 2025 a Excel 45658 ce, don haka sai ka mayar da ita rubutu da TEXT kafin ka yanka.

Yi gwajin ƙarshe a sabon layin tsaye: =LENB(E2)=LENB(A2), idan E ne yake ɗauke da gyararren rubutun. Tace ka nemi FALSE. Idan babu, kwafe E, ka liƙa ta Paste Special da Values, don fomula ta tafi rubutun ya tsaya da ƙafarsa.

Wurin ajiyewa ne mutane suke zubar da aikin da suka gama. Fayil ɗin da ya zo a GBK dole ya koma a GBK. Idan ka ajiye shi a UTF-8, kowane harafin Sinanci ya koma bayit uku, layin farko ya zama 18, na biyu 20, na'urarsu ta karanta lambar kaya a wurin da ba ta nan. A LibreOffice ka zaɓi Save As, ka sa Text CSV, ka yi alama a Edit filter settings, sai ya ba ka damar zaɓar tsarin haruffa, ka kuma hana shi sa alamar zance a gefen rubutu. Fara tura musu layi biyar su gwada a na'urarsu. Idan sun ce ya shiga, sai ka tura sauran.